GIDA A JINGINE, MAI GIDA TSAKANIN AIKI DA LAMBU

 

A gefen manyan garuruwan Arewa, kamar Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, inda dā gonaki ne yau kuwa unguwanni, akwai wani irin magidanci da ya yawaita a wannan zamani. Yana zaune cikin gida na bulo da rufin kwano, ɗaki biyu ko uku da zaure, maƙwabta suna ce masa mai gida, shi ma yana amsawa. Amma takardar mallakar gidan ba ta cikin akwatinsa. Tana can ajiye a banki, ba kuwa za ta komo hannunsa ba sai bayan shekara 20 ko 30, in an yi tsawon rai kuma biya bai yanke ba.

Wannan mutum yakan fita da sassafe zuwa ofis ko makaranta ko rumfar kasuwa, zuciyarsa na lissafin ƙarshen wata. Ya komo da la'asar sakaliya ya tarar famfo ya lalace, yara ba su yi bitar karatu ba, uwargida ta gaji lis. A jikin katanga kuma ga 'yan fangalan alayyafo da kuɓewa sun yi yaushi suna jiran ruwa. Abubuwa uku ke nan suna jan mutum guda, ga kuma bashin wanda ba ya barci ko da mai shi ya yi. Abin da za a duba a nan shi ne yadda irin wannan magidanci zai fita daga bashin da gidansa a hannunsa, bai kuwa rasa lafiyarsa ko zaman lafiyar iyalinsa a hanya ba.

ASALIN WANNAN BASHI

Kakanni ba su san bashin shekara 30 ba. Mutum yakan sami fili wurin mai unguwa ko dagaci, ya haƙa ƙasa, a kwaɓa ta da ramno, a yi tubali, a sayo azara, 'yan'uwa su taru a yi gayya. Bana a yi ɗaki, baɗi a ƙara soro, har gida ya cika. Wanda ƙarfinsa ya gaza yakan shiga adashi, ko ya sayar da sa guda bayan kaka. Har yau mafi yawan gidajen ƙasar Hausa haka ake gina su, sannu-sannu, gwargwadon abin hannu.

Rancen gida na banki baƙo ne. An kafa kamfanin farko na ba da irin wannan rance a Ikko cikin 1956, sa'an nan a 1977 gwamnatin tarayya ta mai da shi Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. A 1978 aka yi dokar ƙasa wadda ta sa filaye duka a hannun gwamnan kowace jiha bisa amana, ta kuma shar'anta cewa mai takardar mallaka ta gwamna ba zai jinginar da filinsa ba sai da yardar gwamnan. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa. Tsarin da aka yi masa ya ce a riƙa yankar naira 2 da rabi daga kowace 100 na ainihin albashin ma'aikaci ana zubawa a ciki, wanda ya zuba kuwa na aƙalla wata 6 yana iya neman rance, a ɗora masa kuɗin ruwa 6 cikin 100 a shekara, ya biya cikin lokacin da bai wuce shekara 30 ba. Ta wannan ƙofa da makamantanta malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti da yawa suka shiga gidajen da suke ciki yau.

LISSAFIN DA YA KAMATA A SANI

'Yan kasuwa sun san cewa ba a shiga ciniki sai an san uwar kuɗi da riba. To, ga misali don a gane nauyin abin. A ce mutum ya karɓi naira 5,000,000 bisa ruwa 6 cikin 100, zai biya cikin shekara 30. Kason da zai riƙa bayarwa kowane wata ya kusa naira 30,000. A watan farko, naira 25,000 daga ciki kuɗin ruwa ne, abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai 5,000 ba. Bayan shekara 10 cur yana biya, ya fitar da kimanin naira 3,600,000 daga aljihunsa, amma in ya je ya tambaya za a ce masa har yanzu ana binsa sama da 4,100,000. Ran da ya gama kuwa, jimlar abin da ya biya ta kusa naira 10,800,000, watau ninki biyu da 'yan kai na abin da ya karɓa.

Da wannan mutum ya zaɓi shekara 15, da kason wata ya zama kimanin 42,200, jimla kuwa kimanin 7,600,000. Bambancin ya wuce miliyan 3. Daga nan mai hankali zai fahimci cewa tsawon wa'adi shi ne mai cin dukiya, kuma duk naira ɗaya da aka ƙara a kan uwar kuɗi a shekarun farko ta fi naira ɗaya ta shekarun ƙarshe amfani nesa. Sai dai a tambayi masu ba da rancen tun farko ko sun yarda a rage uwar kuɗi kafin wa'adi ba tare da tara ba, a kuma ga amsar a rubuce.

Masu ba da rance sukan sa ƙa'idar kada kason wata ya wuce sulusin abin da mutum ke samu. Bisa wannan, mai biyan 30,000 yana bukatar samun 90,000 a wata. Mai karatu ya tuna cewa mafi ƙarancin albashi a Nijeriya 30,000 aka yanka a 2019, sa'an nan aka kai shi 70,000 a 2024. Wanda ya ɓoye gaskiyar samunsa don a ba shi fiye da ƙarfinsa, kansa ya cuta.

ABIN DA FIƘIHU YA CE

Jingina kanta halal ce. Ta zo a ƙarshen Suratul Baƙara, daf da ayar bashi wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Inda magana take shi ne ƙarin da ake ɗorawa a kan rance saboda jinkiri, gama jumhurun malamai sun tafi a kan cewa wannan riba ce. Saboda haka ne aka buɗe bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, na farkonsu bankin Jaiz wanda ya fara aiki a 2012 a Abuja da Kaduna da Kano. Irin waɗannan sukan sayi gidan su sayar wa mutum da riba sananniya, ko su ba shi haya wadda ke ƙarewa da mallaka, ko su yi tarayya da shi yana sayen kasonsu kaɗan-kaɗan. Wanda bai shiga ba tukuna, ya bincika waɗannan hanyoyi, ya kuma tambayi malaminsa. Wanda ya riga ya shiga, abin da ya rage masa shi ne gaggauta fita. Amma a sani, ko ta wace ƙofa aka shiga, kason wata na nan, damuwarsa kuma iri ɗaya ce.

Akwai mas'aloli biyu na mazhabar Maliki da ya kamata mai gida a jingine ya riƙe. Ta farko, a cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya bayyana cewa bai halatta a shar'anta wa mai jingina cewa in wa'adi ya cika bai biya ba abin jinginar ya zama na mai bin bashi ɗungurum. Abin da ake yi shi ne a sayar, a biya bashi, saura ya koma ga mai shi. Ta biyu, a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid an ambata cewa 'ya'yan dabinon da aka jinginar na mai jinginarwa ne, haka nan kuɗin hayar gida. Ashe ke nan duk abin da ya tsiro a tsakar gidan nan, daga ganyen zogale har 'ya'yan gwanda, na mai gida ne tsantsa, babu mai kaso a ciki.

DAMUWAR WURIN AIKI

Mai bashin gida bai da 'yancin da wanda ba a binsa ke da shi. In shugaba ya yi masa faɗa ba bisa haƙƙi ba, sai ya haɗiye, gama ya san takardar sallama tana nufin takardar banki na biye da ita. In aka yi raɗe-raɗin rage ma'aikata ko jinkirin albashi, shi ne farkon wanda barci ke ƙaurace wa. Ma'aikacin gwamnati kuma galibi yana ajiye aiki ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, saboda haka wanda ya ci bashin yana da shekara 40 lalle ya lissafa ko zai gama kafin a koma ga fansho.

Ɗan kasuwa nasa ya fi wuya ta wata fuskar, domin banki wata yake ƙirgawa, kasuwa kuwa ba ta san wata ba. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da tashin farashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, sun san yadda ciniki kan tsaya cik ba sallama. Babban kuskuren da ɗan kasuwa kan yi a irin wannan hali shi ne ya gutsiri jarinsa ya biya kason wata. Ya yi haka sau uku ko huɗu, sai rumfa ta rame, rumfar da ta rame kuwa ba ta iya ɗaukar gida.

Maganin da ya fi kusa da hannu shi ne ajiya. A lokacin yalwa, kamar bayan kaka ko gabanin salla sa'ad da ciniki ke buɗewa, mutum ya ware kason wata uku ya ajiye inda hannunsa ba ya saurin kaiwa, kada ya taɓa shi don biki ko suna. Ran da albashi ya shigo kuma, a fitar da na gida tun kafin a yi cefane. Wanda ya san yana da wata uku a gaba, maganar rage ma'aikata ba ta kayar masa da gaba kamar wanda bai da na gobe. Kada kuma a ci sabon bashi don biyan tsoho, balle irin rancen nan na wayar hannu mai ruwa mai yawa da gajeren wa'adi.

Sa'an nan damuwa tana da lokacinta. Magidanci ya sa wa kansa rana ɗaya a mako, ya zauna da littafi da alƙalami ya duba shiga da fita. In tunanin ya zo masa a wani dare daban, ya san akwai ranar da aka ajiye masa. Lissafin da ake yi a kan katifa tsakar dare ba ya rage ko kwabo daga bashi, sai dai ya jawo hawan jini, kuɗin magani kuwa daga aljihun nan guda zai fito.

AIKIN CIKIN GIDA

Da zarar an fara biyan bashi, abin da ake fara yankewa shi ne ɗan aike da mai wanki da mai ɗebo ruwa. Aikinsu kuwa ba ya ɓacewa, kan uwargida yake komawa. Sau da yawa ita ma tana da nata aikin, ko koyarwa, ko ɗinki, ko ƙosai da ƙuli-ƙuli da take aikawa kasuwa. In mai gida ya shigo da fushin ofis ya tarar da gajiyarta, sai ƙaramar magana ta zama babba. Gidaje da yawa sun tsaya da katangarsu, auren cikinsu ne ya rushe.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya tabbata daga Nana A'isha cewa Annabi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa. Babu ƙasƙanci ke nan ga magidanci ya ja guga ya cika randa, ko ya share ƙofar gida, ko ya zauna da yara su yi bita uwarsu na murhu. Yara maza da mata kuma kowa a yanka masa nasa gwargwadon shekarunsa. Gyaran gida shi ma a ba shi lokacinsa, musamman gabanin damina: a duba kwano da indararo, a yashe magudanar ruwa, a bi jikin katako don gara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, yoyon da aka toshe a watan Mayu kuwa ya fi araha bisa silin da ya rufto a watan Agusta.

A nan akwai haƙƙi guda wanda ake yawan tauyewa. Malaman Malikiyya sun ce matar da mijinta bai da halin ɗaukar mai aiki tana yin hidimar cikin gida, kamar girki da shara, amma ba a tilasta mata sana'ar neman kuɗi domin miji. Dukiyarta tata ce. To, mata nawa suka sayar da awakinsu da 'yan kunnensu na zinariya, ko suka kwashi adashinsu aka toshe kason wata, ba a rubuta kome ba? Ran da mai gida ya rasu, sai a raba gidan duka a matsayin nasa, ita ta sami tumuni in akwai 'ya'ya, in ma da kishiya su raba tumunin. Abin da ya dace shi ne duk abin da ta bayar a fayyace ko kyauta ne, ko rance, ko kaso a cikin gidan, a rubuta da shaidu. Haka nan mai gida ya sanar da iyalinsa yawan abin da ya rage, da inda takardu suke, da ko an haɗa rancen da inshora ko takaful na mutuwa, gama bashi ana fitar da shi ne kafin a raba gado.

LAMBUN TSAKAR GIDA

Kada a ruɗi kowa, lambun taku goma ba zai biya bashin miliyoyi ba. Abin da yake iyawa shi ne ya ɗauke wa gida kayan miya, kuɗin da ke fita kowace safiya ba a jin fitarsa. Da yayyafi kogi kan cika. In abin da aka saba kashewa kan ganye da kuɓewa da attaruhu ya tsaya a gida, aka tara shi aka ɗora kan uwar kuɗi, mai karatu ya riga ya ga amfanin haka a lissafin da ya gabata.

Sharaɗin kuwa shi ne lambun ya zauna daidai da lokacin mai shi. Ma'aikacin da ya shuka abin da ke bukatar wuni guda ya ƙara wa kansa ubangida ne. Gara ya fara da masu haƙuri. Zogale reshe ake karyowa a dasa, ya kama, yana jure fari, ana cin ganyensa shekara da shekaru. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako 3 ko 4. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata 2, abin da ya yi yawa a yanka a shanya. Rama da yakuwa da lalo damina ce ke rainonsu. Tumatir da albasa da latas da karas sun fi son sanyin hunturu, shi ya sa manoman Kadawa da Kura suke yinsu da rani, amma tumatir yana da laulayi, kamar yadda tsutsar da ta cinye gonakinsa a Kano da Kaduna a 2016 ta nuna. Wanda tsakar gidansa siminti ne ya cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki, ya huda gindinsu, ya jera a jikin katanga.

Ruwa shi ne tsadar lambu a birni. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da ganye, in an tara a bokiti, sukan shayar da 'yan fangalai, amma ban da ruwan sabulun wanki. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Kashin awaki taki ne mai kyau, na kaji kuwa sai an bar shi ya ruɓe, in ba haka ba ya ƙone shuka. Jiƙon ganyen darbejiya ko dakakkun 'ya'yanta yakan kori ƙwari da yawa ba da sayen magani ba. Kada kuma a dasa mangwaro ko darbejiya kusa da harsashin gini ko ramin masai, gama saiwarsu takan fasa su. Gwanda da lemun tsami sun fi dacewa da ƙaramin gida.

Akwai wani amfani kuma wanda ba a auna shi da mudu. Aikin ofis ba a ganin ƙarshensa, bashin ma shekaru ake yi ba a ga ya motsa ba. Amma wanda ya zuba iri ran Asabar yakan ga tsiro kafin wata Asabar. Rabin sa'a tsakanin la'asar da magariba, mutum na tsugune yana cire ciyawa, ɗansa na miƙo masa ruwa, yakan sauke masa abin da ya ɗauko daga wurin aiki kafin ya shiga ɗaki da shi. In wata rana gajiya ta hana, a bar wa yara, ko a bar fangali ɗaya ya huta. Lambun da ya zama abin faɗa a gida ya saɓa wa dalilin shuka shi.

IN BIYA YA GAGARA

In duk da haka wata ya zo babu abin biya, mafi munin abin yi shi ne ɓuya. Mai gida ya tafi da ƙafarsa wurin masu bin bashin tun kafin su aiko, ya faɗi halin da yake ciki, ya nemi a sake tsara masa biya, ya karɓi abin da aka amince a rubuce. In gidan na da shago ko ɗakin waje, ya ba da haya bayan ya duba sharuɗan takardarsa. In kuwa ya tabbata nauyin ya fi ƙarfinsa har abada, gara ya nemi izini ya sayar da kansa bisa farashin kasuwa, ya biya, ya sayi ƙarami da abin da ya rage, da a yi masa gwanjo a gaban maƙwabta.

Wanda kuwa Allah ya nufa da kaiwa ƙarshe, ran da ya biya kason ƙarshe kada murna ta sa ya manta da takardu. Ya karɓo takardar mallakarsa, da takardar shaidar an warware jinginar, ya kai ofishin filaye a shigar, sa'an nan ya nuna wa iyalinsa inda ya ajiye su.

Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya sa albarka a cikin gidajensu da abin da suka shuka. Amin.